Minti Goma Sha Biyar a Tsakar Gidan Katako

Samanabad, Lahore
22 ga Fabrairu, 2024

Shafkat,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Ya gwiwar taka? Allah Ya ƙara sauƙi.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina riƙe da kai a zuciya. Ranar walimar aurena ka ce a gaban jama'a, mai digiri biyu a adabin Farisanci ya auro wadda iliminta bai wuce akwatin talabijin ba. Kowa ya yi dariya, har da ni. Tawa dariyar ce na fi kasa yafewa. Digirin kuwa ka san inda ya ƙare, a maɗaba'a, ina duba kurakuran katin biki.

Ka tambaye ni ko wurin nan da aka buɗe a saman sabon kantin ya cancanci kuɗinsa, don ka kawo jikoki daga Multan. Jiya muka je. Tsakar gidan wasan kwaikwayon nan ne suka sake ginawa, wanda ake nunawa a talabijin duk Talata a zamaninmu har tituna su yi tsit. Bangon katako ne, bishiyar mangwaron roba ce. Rupi dubu uku kowane mutum, minti goma sha biyar, sai ƙararrawa. 'Yarmu Uzma ce ta saya mana tikiti daga Dubai, da kaina ba zan taka ba.

Ban gaya maka halin da matata Nigat take ciki ba. Shekara biyu ke nan ba ta gane ni. In na kawo mata abinci godiya take yi mini kamar baƙo, ta gyara mayafi.

Da muka isa bakin ƙofar sai ta tuɓe takalmi. Ita kaɗai. Samari da 'yan mata masu ɗaukar hoto suka fara ƙunshe dariya, ba ɗayansu da aka haifa lokacin wasan. Ta wuce su kai tsaye zuwa murhun ƙasa, ta zauna a 'yar kujera, ta taɓa butar da ba komai cikinta. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce, "Kuna ji? Ku zo ku zauna mana, shayi zai huce. Kullum sai littafi!"

Ka san irin matan zamaninmu, ba ta taɓa furta sunana ba. "Kuna ji" ɗin nan shi ne sunana a bakinta. Na zauna a gadon igiyar da aka rubuta kada a zauna. Ta miƙo mini kofi, na kurɓi iska, na ce sukari ya yi daidai. Ta ce ƙarya nake, ban taɓa yabon shayinta ba.

Sai ƙararrawa. Wata yarinya mai rigar ma'aikata ta ce, "Kawu, lokaci ya yi, amma akwai gurbi ƙarfe huɗu in za ku sake yanka." Kuɗin na aljihuna, Shafkat. Amma sai na nemi manaja, na yi masa lacca da Turancin da na daɗe ban motsa ba, na ce ba zan biya sau biyu don ganin katako ba. Kafin in gama Nigat ta koma yadda take a da, tana tambayar yarinyar wa zai kai ta gida.

An ce ranar Talata tsofaffi rabin kuɗi suke biya. Zan mayar da ita, in yanki gurbi uku a jere. Ranar wasanta ce ma.

Ka gaida mutanen gida.

Abokinka duk da haka,
Iftikar Beg

2 ga Maris, 2024

Shafkat,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, na ji daɗi da gwiwa ta yi sauƙi. Haƙurin da ka ba ni na karɓa, ya wuce.

Kada ka kawo jikokin. Mun je ranar Talata. Da kaina na goge mata koren mayafinta. Mun tarar an ja labulen ƙarfe, leburori na haɗa wani dodon wasan yara a ciki. Tun Lahadi aka tashi wurin. Bishiyar mangwaron na kwance a ƙofar baya an ɗaure ta da igiya. Mai gadi ya ce, "Baba, ai an rubuta a bayan tikiti." Na ciro shi na duba, ga kwanan watan rufe wurin nan ɓaro-ɓaro. Shekara talatin ina karanta rubutun mutane harafi-harafi, ban juya wannan ba.

Nigat ta tsaya gaban labulen da takalminta a hannu, har sai da na sunkuya na sa mata.

Na nemi inda suka koma, an ce katakon an sayar. Na sayo murhun ƙasa da buta, na jera a tsakar gidanmu yadda na tuna. Ta duba, ta ce wa ya bar tarkace a hanya.

Ka tambaye ni ko ya cancanci kuɗinsa. Ban san amsar da zan ba ka ba. Ka gaida kowa, ku sa ta a addu'a.

Laraba, ashirin da ɗaya ga Fabrairu, ƙarfe uku da kwata, matata ta kira ni. Ba ta ƙara ba.

Naka,
Iftikar