Kada a Sayar da Gonar Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Ni ma lafiya, aiki da godiya.

Na ji Auta za ta ajiye aikinta na asibiti ta taho yin digiri na biyu, har kuna shirin sayar da gonar Baba don biyan kuɗin karatun. Don Allah ku dakata.

Akwai abin da ban gaya muku ba. Ranar da na je neman aiki da nawa digirin, shugabar ɗakin gwaji ta ce, "Karatu kam ka sha, amma ina lasisinka? Shekara nawa ka yi kana aiki?" Ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Shekara biyu ke nan ina manna lamba a kwalaben jini, a ƙarƙashin wata mai difloma. Ba na kwana da yunwa, amma haya ke cinye albashin.

Shekarun aikin da aka tambaye ni, su ne Auta take tarawa yanzu. Gara ta nemi hutun ƙaro karatu da tallafi. In bai samu ba, ta jira.

Hotona mai farar rigar ɗakin gwaji kuwa, a bar wa Inna shi a bango. Kai kaɗai na gaya wa.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka.