Itacen Yayanki Yana Jin Ɗari

Sheme, Disamba 1976

Zuwa ga ɗiyata Lauratu, a asibitin Ƙanƙara.

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ki yi haƙuri da rubutun, ajin yaƙi da jahilci ma korata aka yi.

Itacen da Yayanki ya kawo cikin gwangwani da ya zo hutu daga Turai ba shi da lafiya. Kin san shi, ganye kamar allura, ba 'ya'ya, ba inuwa, akuya ma ta shinshina ta wuce. To ganyen ya fara yin ja daga ƙasa. Tunda ɗari ya shigo na ce baƙo ne, sai na yi mashi abin da ake yi wa maijego. Bargo, kaskon wuta safe da yamma, ruwan zafi. Ni ina kwana da buhu, itace da bargo.

Innarki ce damuwata. Yayanki ɗan fari ne, ba ta faɗin sunanshi, ba ta tambayar ko ya aiko takarda, kuma tun bara bai aiko ba. Itacen take zama tana yi wa hira. Tun da ya fara ja ta rage cin tuwo. Ke kike da adireshinshi, ki tambayo mani magani.

Babanki, Barau, likitan itace.

Ƙanƙara, Janairu 1977

Baba, ina gaishe ku da ladabi, ina gaida Inna.

Don Allah a ɗauke wutar nan yau. Yaya ya ce a ƙasar itacen, ƙanƙara ke rufe shi har wuya bai ko kula. Ɗarinmu bazara ce gare shi. Zafi ke kashe shi. A kai shi inuwa kusa da randa.

Ɗiyarku, Lauratu.

Sheme, Maris 1977

Lauratu, Allah shi yi maki albarka.

Ashe dafa shi nake yi. Na mayar da shi gindin randa, na yi mashi rumfa, ina yi mashi fifita kamar ango. Su Malam Audi maƙwabcinmu har leƙowa suke ta katanga su yi dariya. Ga zafi ya taho, saura ɗan kore a ƙoli kamar gashin da ya rage mani. Innarki ko kunu sai da lallashi. Jiya zaninta ya zagaye ta sau biyu.

Amma ni jahili ne, ba wawa ba. Yaushe takarda ta je Turai ta dawo kafin in gama sussukar dawa? Ina Yayanki yake?

Babanki.

Ƙanƙara, Maris 1977

Baba, ku gafarce ni. Yana Damari ta Sabuwa, malamin awon auduga. Bai ci jarrabawa ba, aka dawo da shi bara. Ya ce bayan raƙashewar da gari ya yi ranar rakiyarshi, ba shi da idon shiga Sheme. Shi ya rantsar da ni.

Lauratu.

Sheme, Afrilu 1977

Zuwa ga Maharazu.

Ka ga na rubuta sunanka, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa shi. Hannuna bai karye ba.

Itacenka ya mutu, ni na kashe shi da gata. Na ɗaura mashi ganyen tsamiya tunda idon innarka ya yi rauni, ta shafa ta ce, "Malam, kai ma?" Ta kwanta, ba ta tashi ba har yau.

Faɗuwa jarrabawa gadon gidanmu ne, ka tambayi malamin da ya kore ni. Ba takardar shaida take jira ba. Ka zo.

Ubanka.

Damari

Baba, ina gaisuwa. Zan biyo motar auduga ran Juma'a. Kada a tuge itacen, ni zan tuge shi. A ce wa Inna ta sha kunu.

Ɗanku.