Safar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Sakamako ya fito. Baƙin tabon da ke tafin ƙafar Baba ciwon daji ne na fata. Likita ya tambaya ko an taɓa duba shi.

Laraba, 5 ga Maris

An taɓa, ai. Bara, da aka kafa rumfar duba fata kyauta a harabar asibiti, ni na kai shi. Nas ta duba fuska, wuya, hannuwa, sannan ta ce, "Baba, a cire takalmi da safa." Ya kalle ni. Safar a huje take, babban yatsa a waje, ga mutane a layi. Sau biyu yana ba ni ita in ɗinke ina cewa gobe. Ni da nake tela! Na ce wa nas ƙafar lafiya lau, sauri muke. Kayan wata mata nake son gama ɗinkawa kafin la'asar.

Asabar, 15 ga Maris

Ya bazu har hanta. Wai yanke ƙafar ma ba zai yi amfani ba. Da bara ne, in ji likita, ɗan yanka kaɗan ya isa.

Alhamis, 27 ga Maris

Na kasa taka keken ɗinki. Yaya na ta cewa ƙaddara ce, ita ba ta je rumfar ba. Na tsani kaina, wallahi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Baba ya rame, agogonsa na zamewa har gwiwar hannu. Ina wanke masa ƙafar na fara kuka, na faɗa masa laifina ne. Ya ce shi ya ji kunya, ni rufa masa asiri kawai na yi. Har da tsokana, wai yaushe tela za ta sallami kwastomanta na farko. Na ɗinke safar a gabansa. Ba ta shiga, ƙafar ta kumbura.

Talata, 22 ga Afrilu

An sake kafa rumfar. Magani na je karɓa, ban yi niyyar tsayawa ba. Wani dattijo a kan benci yana ta ɓoye ƙafafunsa, nas na jira. Na zauna kusa da shi na cire nawa takalmin, duk kaushina a fili. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.

Baba bai ci komai ba yau ma.