Saukowata Daga Kan Gwaggo

Litinin, 3 ga Maris

Ƙarar nan ta dawo. Kunnen hagu, kamar gyare ya shige ciki ya ƙi fita. Na wuni a gareji muna ɗaure wa tankarmu Gwaggo sarƙar da take tafiya a kai. Kowace tankar yaƙi a rundunarmu da sunanta. Tamu tun kafin in zama kwamandanta aka raɗa mata Gwaggo, don sai ta gama mita da tari kafin ta tashi. Sau biyu Baƙin Mai, direbana, ya yi mini magana, bakinsa kawai na ga yana motsi. Na gyaɗa kai. Ban san me na amince da shi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Maman yara ta ce, "Baban Auta, har maƙwabta labaranmu suke saurare." Na ce talabijin ɗin ce ta tsufa. Ta dube ni, ta ci gaba da ninke kaya.

Asabar, 8 ga Maris

Na kasa zama. Na goge takalmi, na sake gogewa. Talata akwai atisaye da sojojin ƙasa.

Talata, 11 ga Maris

Yau aka yi atisayen.

Muna gangarowa daga tudu, ina sama rabin jikina a waje, Shaho na kan igwa, Ƙato na riƙe da harsashi. Ashe Manjo yana ta ihu a rediyo, "Tsaya! Tsaya!" Sojojin ƙasa sun sauya wuri, suna kwance a wani kwari a gabanmu, ciyawa ta rufe su. Ni ban ji komai ba sai gyaren nan da rugugin inji. Kawai na ji Gwaggo ta turje, ƙirjina ya bugi bakin murfi. Baƙin Mai ne ya taka birki ba da umarnina ba. Shi ya ji ihun Manjo a nasa abin kunnen na rediyo.

Da na leƙa, ga wani soja kwance, sarƙa ta kusa taɓa takalminsa. Ya ɗago kai ya dube ni. Ko tashi ya kasa.

A ƙa'ida direba ba ya tsayawa sai kwamanda ya ce. Yau da ya bi ƙa'ida...

Alhamis, 13 ga Maris

Manjo ya tara mu. Kafin in buɗe baki Shaho ya ce rediyo ce ta yi ta katsewa. Ƙato ya ce ƙwarai, shi ma ya ji. A wurinmu ba a fitar da maganar cikin tanka waje, haka muka tarar. Mutum huɗu ne, kwano ɗaya, bargo ɗaya idan sanyi ya yi. Ni na koya musu hakan da bakina.

Yanzu an kira kofur mai gyaran rediyo, wai ya yi sakaci. Ya kwance ta ya mayar, lafiyarta lau. An ce a tsare shi a bariki har a gama bincike, ga matarsa da tsohon ciki.

Abinci ya ƙi shiga.

Juma'a, 14 ga Maris

Baƙin Mai ya same ni a bayan gareji. Ya zagayo ta damana kafin ya yi magana, ashe ya daɗe da sani.

"Saje, ni zan zama kunnenka, wallahi. Amma ranar da nake kwance da zazzaɓi fa?"

Na ce wa ya ba shi izinin yi mini wa'azi. Ya ƙame, ya sara, ya tafi. Yaron da na koya wa sa wa tanka giya.

Lahadi, 16 ga Maris

Na je har ƙofar asibitin bariki na dawo. Na zagaya filin fareti kamar wanda ya yar da wani abu.

Laraba, 19 ga Maris

Da safe na shiga ofishin Manjo na ce a saki kofur, rediyo ba ta da laifi. Ya daɗe yana juya biro. Ya ce, "Dama na yi zargin kunnenka ne." Shi ya haɗa ni da likita.

Wani ɗan ɗaki, aka rufe mini kunnuwa, wai in danna idan na ji ƙara. Na zauna ina jira a fara, ashe an yi nisa. Likita ta ce na hagu ya tafi, na dama saura rabi. Igwa da inji sun ci rabonsu. Za a ba ni na'urar ƙara ji ta saƙalawa a kunne. Tanka kuwa, an gama.

Na ce mata na gode. Me zan ce?

Litinin, 24 ga Maris

Makarantar kurata za a kai ni, in koyar da tarihi da tsarin runduna. Ni! Alli da allo. Auta ta yi ta dariya, wai yanzu Baba ma zai san zafin 'yan aji. Na daka mata tsawa, daga baya na ji kunya.

Alhamis, 27 ga Maris

Sallama. Yadda ake yi wa kowane kwamanda aka yi mini: aka wanke Gwaggo tas, aka jera sauran tankoki hagu da dama, duk sun sunkuyar da bakin igwa. Baƙin Mai ya ja mu a hankali ta tsakiya. A ƙarshen layi na cire abin kunne na miƙa wa Shaho, shi ne sabon kwamanda. Ana sauka ta gaba, ba a waiwaye.

Ƙato, wannan ƙaton, yana kuka kamar an ƙwace masa alewa. Na ce ya rufe mana baki.

Ban waiwaya ba. Wuyana har ciwo yake.

Talata, 1 ga Afrilu

Aji. Zafi, fanka ɗaya, kawuna askakku. Na karanta musu abin da ke takarda: tanka nawa ke ƙaramin rukuni, rukuni nawa ke bataliya, wa ke ƙarƙashin wa. Rabinsu na gyangyaɗi. Ni ma da zan samu.

Na'urar tana sa in ji takun kowa, har jan majina. Na cire ta na jefa aljihu.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na bi ta gareji, wai wucewa nake. Shaho ya sauya yadda ake jera kayan aiki. Na wuce abina. Ba daidai ya jera ba dai.

Laraba, 9 ga Afrilu

Wata kurtu mai tabo a goshi ta ɗaga hannu, wai me ya sa ake ce mana mahaya alhali ko jaki ba mu da shi. Aji ya fashe da dariya. Na ajiye takardar. Na ba su labarin yadda rundunar ta faro daga sojan doki, yadda tsofaffin suka yi ta ƙunci ranar da aka karɓe dawakai aka ba su ƙarfe. Shi ya sa har yau sai an ba tanka mai da ruwa kafin matuƙanta su sa loma a baki. Na faɗa musu dalilin baƙar hular da muke sawa, don baƙin mai ba ya nunawa a jikinta. Wani ya ce to su tsofaffin da aka raba da dawakai, ina suka yi? Na ce wasu sun tafi gida, wasu sun tsaya sun koya wa na baya.

Aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Talata, 15 ga Afrilu

Bataliya ta fita atisaye yau, ta bayan makaranta suka bi, har tagogi na girgiza. Sai da aka tashi wani malami yake tambayata ko na ga tsohuwar tankata. Lokacin ina zana musu yadda direba ke hango hanya ta ɗan gilashi, kuma mai tabon nan ta kafe wai zanena ya karkace. Ya ɗan karkace.

Na roƙi Manjo ya ara mini tanka ɗaya ranar Alhamis. Ba zai yiwu yarana su gama wata guda ba su taɓa shaƙar cikinta ba.

Kuratan, nake nufi.

A sayo alli mai launi.