Sakin Hannu a Harami

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya iyali da yara?

Jiya a Harami ina idar da salla 'yata Hajara ta raɗa mini, "Umma, daina sakin hannu, ana kallonmu." Na ce, "Ja'ira, Malikiyya ta girmi masu kallon! Shekaru aru-aru mazhabobi huɗu ke salla a nan."

Amma da muka koma gida sai da na yi kuka. Na tuna Baba Baƙadire da Kawu Batijjane, su gama musu su ci tuwo kwano ɗaya.

Ka aiko min littafin fiƙihun Baba ta hannun alhazan bana, don Hajara ta ga ba ni na ƙago ba. Ku taya ni addu'a kada ta riƙa jin kunyata. A gaida kowa.

Ƙanwarka Asabe,
Makka