Kwandon Babur Ya Riƙe Ni

Shamsu angona,

Kwandon gefen babur da ka saya a waya don kai ni unguwa ya iso kana Dosara. A hoto ƙato, a ido kamar kwanon awo! Mai walda ya ɗaura shi, na shiga gwaji, ƙugu ya maƙale. Sai da Taiba maƙwabciya ta shafa mini man gyaɗa ta ja.

Yi haƙuri, na sa an yanka shi an buɗa. Ya yi muni, amma ina shiga.

Kawunka ya ja ni Bakura suna. Taiba ta riga ta kama hanya, dole in riga ta isa. Ni na maƙale, ni zan ba da labarin.

Kakarka Hasana