Shafin da Ban Taɓa Gani Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Ingila? Ya Anti Hadiza da yara? Mu nan Tudun Wada lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Aikin ofishinmu ne ya kashe min gwiwa. Muna haɗa wa 'yan kasuwa shafin intanet, amma layin wayarmu ba ya ɗauka. Sai mu sa aikin a faifai, direba ya kai Kaduna, a can a ɗora.

Jiya wani Alhaji mai auduga ya zo daga Tsafe, har da ƙannensa, don ya ga nasa. Na yi ta gwadawa, layi ya ƙi. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ka taɓa ganinsa?" Ni kuwa ban taɓa ganinsa ba. Ya ce zai gaya wa kasuwa duka cewa iska muke sayarwa. Maigidanmu har ya fara zancen rufewa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Don Allah ka buɗe adireshin shafin da na rubuta a bayan takardar nan, ka rubuto min ko yana nan. Wallahi ni ma na fara shakka.

Ƙaninka,
Bello